Injin Sassaƙar da Na Haɗa a Shingen Sojoji

Abubuwa da yawa na shekarun tashin hankalin nan sun fita daga kaina, wasu ma ni na kore su da gangan. Amma kwana ukun da na yi a gindin wata dalbejiya a bakin garin Maiduguri, ina ɗaure noti, sojoji sun zuba mini ido, su kam ba na jin zan manta da su muddin ina numfashi.

A lokacin ina koyar da zanen injuna da na gini a wata makarantar sakandare, muna zaune a Moduganari ni da matata da 'ya'yanmu. Asalinmu mutanen kudancin Borno ne. Aikin koyarwa ne ya kawo ni birni tun ina saurayi, yayana kuwa ya tsaya a gida yana kafinta. Duk wanda ya san garinmu ya san hannunsa. Ƙofar da ya yi, sai ginin ya tsufa ya faɗi ita tana nan. Aka wayi gari aka ƙone garin, shagonsa ya tafi da duk abin da ke ciki. Matarsa ta riga ta rasu kafin nan, 'ya'yansa kuma kowa ya kama gabansa, wasu Yola, wasu Jos. Ya iso gidana da riga ɗaya da silifas.

Shekara ta zagayo Yaya yana zaune. Da safe ya fitar da kujera bakin ƙofa, rana ta iso wurin ya ja ta zuwa inuwa, shi ke nan aikinsa. Ba ya faɗa da kowa, ba ya ƙin abinci, sai dai ba ya taɓa katako. Wata rana ƙofar kicin ta ɓalle, matata ta ce masa cikin raha, "Yaya, muna da babban kafinta a gida, ƙofa tana lilo?" Ya dubi ƙofar, ya dube ta, ya ce, "Ki aika a kira na bakin titi." Ba ta sake yi masa maganar ba.

Ni kuwa na yanke hukunci a raina ba tare da na tambaye shi komai ba. Na ce kayan aiki ne ya rasa, kuma mutumin da ya yi shekara talatin yana da shagon kansa ba zai je ya tsuguna a ƙarƙashin wani ba. In ya ga kayan aiki a gabansa, hannunsa zai motsa. Haka na gaya wa matata, haka na gaya wa kaina.

Yanzu da na tsufa zan iya faɗin sauran gaskiyar. Tun kafin Yaya ya zo, na daɗe ina kallon bidiyon wani ƙaramin injin sassaƙa da ake kira CNC. Rauta ce, na'urar fafe katako irin ta kafintoci, sai dai ba hannu ke tura ta ba. Kai za ka zana abin da kake so a kwamfuta, ka ɗaure katako a kan farantin injin, shi kuma ya riƙa yawo da tsinkensa hagu da dama, gaba da baya, sama da ƙasa, har zanen ya fito a jikin katakon. Ga mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana zana abubuwa a allo ana gogewa, wannan abu ya shiga raina sosai. Ban taɓa samun hujjar sayensa ba sai da Yaya ya zo ya zauna a bakin ƙofata.

Zaɓen injin kawai ya ci mini watanni. A shekarar an kayar da turakun da ke kawo wa garin wuta, Maiduguri duka tana kan janareto da sola. A makaranta nake cajin waya, in an tashi in zauna a ofis ina duba injuna ɗaya bayan ɗaya, hoto ya buɗe rabi ya tsaya. Akwai manya masu iya cin ƙofa guda, na bar su, don ba janaretona kaɗai ba, ko na maƙwabcina aka haɗa ba za su ɗauke su ba. Akwai masu tafiya da bel na roba, akwai masu tafiya da dogon ƙarfe mai zare kamar na bol. Na zaɓi mai ƙarfen, don na san yadda zafin garin nan yake busar da roba ta tsattsage. Akwai masu jikin leda, akwai masu jikin alminiyom, na ɗauki na alminiyom. Akwai wanda ake kawowa a haɗe, akwai wanda ake kawowa gunduwa-gunduwa a kwali kai ka haɗa abinka. Na ce ai ni malamin zane ne, haɗa abu daga takarda shi ne sana'ata. Na zaɓi na kwali. Wannan zaɓin na ƙarshe shi ya ja mini duk abin da ya biyo baya.

Na nuna wa Yaya bidiyon wata yamma. Ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa, ya kalla har ƙarshe.

Ya ce, "To Ticha, in injin ne zai yi sassaƙar, kafintan me zai yi?"

Na ce, "Zai zauna ya huta, Yaya."

Ya miƙo mini wayar ya ce, "Ai ina hutawa."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake yi.

Wani tsohon ɗalibina da ke fataucin kayan lantarki a Kano ne ya sa aka kawo injin daga waje, ya ba wani direban bas ya taho da shi. Ranar da zai iso ina aji wayata ta yi ƙara. Direban ne, muryarsa a sama. Ya ce an sauke kwalina a shingen bincike na shiga gari, an tsare motarsa da fasinjoji a rana, in zo yanzu-yanzu in faɗa musu abin da na sa ya ɗauko.

Har na hau keke Napep ban gane girman abin ba. Sai da na iso na ga yadda aka ajiye kwalin shi kaɗai a tsakiyar fili, nesa da kowa, sojoji suna bayan buhunan yashi, fasinjoji an tara su can gefe, sannan na gane. Tun daga nesa aka daka mini tsawa in tsaya. Aka ce in ɗaga riga, na ɗaga. In juya, na juya. In cire takalmi, na cire. Ƙasar kamar an zuba garwashi.

Shugabansu wani dogon mutum ne mai furfura kaɗan a gefen kai, Hausarsa ta mutanen yamma ce. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Kai ne mai kayan?"

"Ni ne, Oga."

"To je ka buɗe. Ka fito da su ɗaya-ɗaya, ka ɗaga kowanne sama mu gani. Kada ka yi sauri."

Na je na durƙusa a gaban kwalin. Watanni ina mafarkin ranar da zan buɗe shi a tsakar gidana, ga shi ina buɗe shi bindigogi na kallon bayana. Na ɗaga ƙananan motocin lantarki uku masu juya injin, masu wayoyi ja da baƙi da shuɗi. Na ɗaga wani koren allo mai cike da ƙananan kayan lantarki. Na ɗaga akwatin wuta, na ɗaga ledar noti da ƙananan bol, na ɗaga wani jan maɓalli babba. Duk abin da na ɗaga, sai in kalle shi da idonsu. Wallahi da ni ne a bayan buhunan nan, abin da suke tunani shi zan yi tunani. Ban taɓa jin haushinsu ba, ko a ranar. Garin ya ga abin da waya da noti suke yi a kasuwa.

Aka sallami direban da fasinjojinsa, ya tafi ko kallona bai yi ba. Aka karɓi wayata da katin aikina, aka zaunar da ni a ƙasa. Na yi bayani iya bayani. Na ce injin sassaƙa ne. Oga ya ce, "Ina zarton?" Na ce ba shi da zarto, tsinke gare shi. Ya ce, "Ina katakon?" Na ce ni zan sa. Ya ce, "Malam, kowa da muka kama a nan yana da labari mai kyau."

Allah ya taimake ni, cikin 'yan gora, matasan gari 'yan sa-kai da ke taya su bincike, akwai wanda ya san fuskata daga unguwa. Shi ya kira Bulamanmu, wato mai unguwarmu. Bulama dattijo ne Babarbare, ƙafa tana damunsa, amma kafin la'asar sai ga shi ya sauko daga keke yana dogara sanda. Ya yi wa kowa wushe, gaisuwar Barebari, ya yi magana da 'yan goran da Barbarci, sannan ya juya wajen Oga da Hausa.

Ya ce, "Wannan malamin ya fi shekara ashirin a unguwata. 'Ya'yana biyu ya koyar. Ban san wannan ƙarfen ba, amma shi na san shi."

Oga ya share fuska da hularsa. Ya ce, "Baba, na yarda da kai. Amma na riga na kai rahoto sama, kuma su ba su san ka ba. Abu ɗaya zan iya. Ya ce injin sassaƙa ne, to ya haɗa shi a nan, a gabana, ya sassaƙa mu gani. In ya yi, ya ɗauki kayansa. In bai yi ba, shi da kayan za su wuce gaba." Ya dube ni. "Kwana nawa?"

Na ce, "Gobe zan gama."

Kowa a garin nan ya san ma'anar wucewa gaba. Ba a cewa ga ranar dawowa. Aka bar ni in riƙa kwana a gida bisa amanar Bulama, katina da kayan suna wurinsu. Wato in na gudu, ko in abin ya zama wani abu, dattijon ne zai amsa. A keke muna komawa bai yi mini faɗa ba. Abin da ya ce kawai, "Malam, ka tabbata abin yana aiki?" Na ce na tabbata. Ban taɓa ganin irinsa da idona ba sai a waya.

Washegari na zo da kwamfutata da tabarma. Aka nuna mini gindin dalbejiya, aka sa wani soja ya zauna a kan jarka yana kallona. Lokacin bazara ne, iska ko motsi ba ta yi. Alminiyom ɗin in rana ta taɓa shi kaɗan sai ya ƙona yatsa. Takardar bayanin kuwa 'yan hotuna ne ƙanana da rubutun Sin, sai wani Turanci da ko ni malami na kasa gane kansa. Bol ɗin kala huɗu ne, bambancinsu bai kai ƙwayar gero ba. Na sa dogo inda gajere ya kamata, sai da na yi nisa na gane, na kwance. Wani ƙaramin noti ya faɗi cikin yashi, na yi kusan rabin awa ina tankaɗe ƙasa da yatsu, sojan da ke gadina ya gaji da kallo ya sauko ya taya ni nema.

Duk motar da ta tsaya a shingen sai fasinjoji sun leƙo. Wata mata na ji tana cewa, "An kama wani." Ina sunkuye ina addu'a kada a ce akwai iyayen ɗalibaina a ciki.

Amma na yi sauri. Tsoro ya sa duk bol ɗin da na sa sai in ɗaure shi tamau da alanki, ɗan lanƙwasasshen ƙarfen ɗaure bol, in wuce na gaba. Kafin azahar ta wuce injin ya tsaya da ƙafafunsa, ya yi kama da na hoton. Oga ya ba da izini aka jona mini wuta daga janaretonsu. Na haɗa kwamfuta, na danna. Kan injin ya fara tafiya a hankali, zuciyata ta yi sanyi. Yana kaiwa tsakiya sai ya cije. Motar ta yi wani irin gurnani, injin duka ya hau karkarwa a kan tabarma. Na ji ƙarar bindigogi ana gyara su a bayana. Na daki jan maɓallin nan, na ɗaga hannuwa sama.

Na sake gwadawa sau uku, a wuri ɗaya yake cijewa. Na zuba mai, na duba wayoyi, na karanta takardar har ta jiƙe da gumina. Ban ga kuskuren ba. Da lokacin rufe hanya ya yi, Oga ya zo ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Sun kira sau biyu yau. Na ce musu gobe. Bayan gobe ba ni da abin faɗa."

Ba barazana yake yi ba. Muryarsa ta mutumin da ya gaji ce, kamar tawa.

Na isa gida rana tana faɗuwa. Matata ta ajiye tuwo, na kasa ci. Ba ta yi kuka ba, ta wuce wannan. Ta ce, "Mutane suna neman yadda za su ɓuya a garin nan, kai ka aika har ƙasar waje a kawo maka abin da zai sa a nuna ka." Na shiga ba ta labarin yadda injin yake tafiya lafiya daga gefe, in ya zo tsakiya ya cije, kamar ita ce za ta gyara. Yaya yana gefe yana cin abincinsa, bai ɗago kai ba.

Da safe na fito na same shi a bakin ƙofa, a tsaye, da hula a kansa. Shekara guda ban gan shi da hula ba in ba ranar Lahadi ba.

Ya ce, "Mu je."

A hanya ya tsayar da mai keke a wajen masu sayar da katako. Ya shiga cikin tarin guntaye yana ɗagawa, yana ƙwanƙwasawa da ɗan yatsa, yana jefarwa. Ya zaɓi guntun madaci busasshe guda biyu. Ya roƙi mai shagon zare irin na magina da ɗan sandfefa. Ina tsaye ina kallon hannunsa a jikin katako, raina yana cewa ka gani, ka gani.

A shingen aka sa shi ma ya ɗaga riga. Na ce wa Oga yayana ne, kafinta ne. Yaya ya tsuguna a gaban injin, bai taɓa kwamfuta ba, bai kalli takardar ba. Ya rufe ido ɗaya ya hango shi daga wannan gefe, ya zaga ya hango daga wancan. Ya ja zaren daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, ya riƙe wurin da farce, ya juya ya auna ɗaya ɓangaren. Zaren ya wuce da kusan faɗin farcen.

Ya ce, "Kwance."

Na ce, "Yaya, wuni guda na yi ina..."

"Kwance duka. Ka ɗaure shi a karkace. Kuma a kan yashi ka haɗa, wa ya taɓa haɗa firam a kan yashi?"

Ya miƙe ya je wajen Oga da kansa, ya ce a ara masa teburin da suke rubutu a kai. Oga ya dube shi, ya sa aka kawo. Yaya ya karɓi farantin abincin wani soja ya zuba ruwa ya ɗora a kan teburin, ya riƙa cusa guntun kwali a ƙarƙashin ƙafafun har ruwan ya kwanta daidai. Sannan muka fara daga farko. Ya hana ni ɗaure ko bol ɗaya. Ya ce a sa su duka sako-sako, a auna, a ɗan matsa wannan, a tsallaka a ɗan matsa na can, a sake aunawa. In na kai hannu zan ƙara ƙarfi sai ya buge mini yatsa, kamar lokacin da nake yaro a shagon babanmu. Dogayen ƙarafan da kan injin ke gudu a kai, ya sa na riƙa tura kan da hannu daga ƙarshe zuwa ƙarshe, shi yana kasa kunne, sai inda ya ji ya tafi sumul sannan ya ce in ɗaure.

Aikin ya ci mu har rana ta take tsaka. Ban san lokacin da sojojin suka bar bayan buhuna suka kewaye mu ba. Wani ya kawo mana ruwan leda. Wani yana riƙe mana bol a tafin hannu.

Da aka jona wuta, kan injin ya tafi daga wannan gefe zuwa wancan ba gargada. Na zauna a ƙasa.

Oga ya ce, "Saura sassaƙa."

Na ce, "Me za a rubuta, Oga?"

Sai ya karɓi biro ya rubuta wani suna a bayan takardar bayanin, sunan mace. Ya ce 'yarsa ce, tana rarrafe ya baro ta, yanzu an ce ta shiga makaranta.

Na zana sunan a kwamfuta, Yaya ya ɗaure katakon. Injin ya fara ci, garin madaci yana tashi ja. Da ya gama muka hure, sai ga sunan ya fito a juye, kamar an duba shi a madubi. Wani soja ya fashe da dariya, sauran suka kama. Wannan kam kuskurena ne kuma na gane shi, wayoyin mota ɗaya na juya. Na gyara, muka ɗora katako na biyu, wanda shi ne na ƙarshe. Tsinken yana shiga Yaya ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Tsayar. Ba ka jin kukansa? Ka ba shi da yawa. Ko mutum ne ba ya cin madaci haka. Ce masa ya ɗiba kaɗan-kaɗan, ya dawo sau uku."

Na rage zurfin. Ƙarar ta sauya, ta yi laushi. Muka tsaya kallo mu duka, har motocin da ke layi an manta da su, direbobi suna ta hon. Da ya gama, Yaya ya kwance katakon ya goge bakin haruffan da sandfefa, ya ɗiga masa ɗan mai ya murza da gefen rigarsa har jan ya fito. Ya miƙa wa Oga da hannu biyu.

Oga ya daɗe yana kallon abin. Ya bi haruffan da babban yatsa. Sannan ya ɗauki hoton injin da na katakon ya tura inda zai tura, ya shiga rumfa ya fito da katina da wayata. Ya ce, "Malam, gaba in za ka sayi irin wannan, ka fara zuwa ka faɗa." Ya juya wajen Yaya ya ce, "Baba, na gode." Ya koma bakin aikinsa.

Muka tsaya a gefen titi muna jiran keke, injin yana kan kwalinsa a tsakaninmu. Duk da gajiya, murna ta cika ni. Na kira Bulama na gaya masa, ya yi ta hamdala. Na juya na ce, "Yaya, ka ga hannunka bai manta komai ba. Ni in yi zane, kai ka kula da katako. Mu gyara ɗakin nan na waje, mu sa allo a ƙofa."

Yana kallon tafin hannunsa, yana goge jan garin da ya maƙale.

Ya ce, "Ticha, ka san abin da na yi ta yi a shekarata ta ƙarshe a gida?"

Na ce a'a.

"Akwatin gawa. Ba gado, ba ƙofa, ba kujera. Akwati kawai. Mutanen da na yi wa gadon aure, ni na auna tsawonsu. Wata rana huɗu, wata rana bakwai. Da hanya ta rufe katako ya ƙare, na shiga coci na kwance bencinan da na yi da hannuna. Benci ɗaya yana ba da babba ɗaya, ko ƙanana biyu." Ya kakkaɓe hannunsa. "Ranar da shagon ya ƙone, ina kan dutse ina hangen hayaƙin. Mutane suna ba ni haƙuri. Ni kuwa sauƙi na ji. Na ce to, ba wanda zai sake zuwa da igiyar awo. Wannan ne ban iya gaya wa kowa ba."

Na ce, "Yaya, me ya sa ba ka taɓa gaya mini ba?"

Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Keke ya zo ya tsaya. Kafin mu ɗaga injin ya ƙara da cewa, "Yau na zo ne don kai ƙanena ne. Kada ka sake sa ni."

Ban sake sa shi ba. Injin ya zauna a ɗakin waje, in an samu man janareto nakan kunna shi ranar Asabar in yi allon suna ko lambar gida, yawanci kyauta. Yana aiki lafiya har yau, bai taɓa cijewa ba. Amma daɗin da na yi zaton zan ji, ban same shi ba. In na kunna, Yaya yakan ɗauki kujerarsa ya koma can ƙarshen layi, sai na daina kunnawa in yana gida.

Da damina ta kusa, shi da kansa ya ce in yi wa Bulama magana ko akwai mai neman hannu a gona. Aka samo masa wajen wani mai lambu a Dusuman. Na so in hana, don wajen gari ba a gama natsuwa ba a lokacin. Na buɗe baki, sai na rufe, na tambaye shi ko abin da yake so ke nan. Ya ce shi ne. Can ya koma, yana shuka albasa da yakuwa. Ba zan ce ya warke ba, ban san ko ana warkewa daga irin wannan ba. Amma in na je nakan same shi ya yi baƙi ya rame, yana faɗa da awakin mutane, yana ba ni labarin farashin taki kamar wani abin duniya.

Na yi watanni ina auna bambancin roba da ƙarfe, ina karanta ra'ayin mutanen da ban sani ba a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, amma mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya ban ba shi minti biyar na tambaya ba. Na jefa kaina cikin haɗari, na jefa dattijon da ya tsaya mini, na tilasta wa ɗan'uwana ya koma cikin abin da ya gudo daga gare shi, duk da sunan taimako, alhali rabin taimakon nan sha'awata ce na sa wa rigar tausayi. Abin da kwana ukun nan suka koya mini ke nan. In ka ga mutum ya yi shiru, kada ka cika shirun da naka tunanin. Ka ja kujera kusa da shi, ka tambaye shi, ka jira. In bai amsa yau ba, ka dawo gobe. Ni sai da aka ɗora mini bindiga a baya na koyi wannan, kuma ko a lokacin, shi ne ya fara magana.